Saƙon da Baraka Ta Wanke

Wata huɗu cur Hajiya Baraka ta yi tana zarya tsakanin Shahuci da Ƙofar Na'isa, har masu adaidaita sahun bakin titi suka daina tambayarta inda za ta. A Shahuci mijinta yake, Alhaji Jafaru. A Ƙofar Na'isa mahaifinta yake, Alhaji Mukhtar. Kuma mutanen nan biyu, don Allah ku ji wannan ɗaukar rai, kujera ɗaya suke nema.

Kujerar majalisar jiha ce. Shekara ashirin da biyar da suka wuce Alhaji Mukhtar ya tara dattawan cikin gari suka kafa wata ƙungiya da suka kira Zauren Gado. Masu ra'ayin riƙau ne na gaske: a bar musu badala, a bar musu makarantun unguwa, a daina rushe gidajen iyaye ana dasa shaguna, a yi wa gidajen biki linzami. Jafaru shi ne sakatarensa tun yana saurayi, kuma a wannan hidimar ne Alhaji ya ga hankalinsa ya ba shi 'ya. Sau biyu Alhaji Mukhtar yana tsayawa takara, sau biyu yana shan kaye. Bayan faɗuwa ta biyu sai rabin Zauren suka zame suka bi Jafaru, suka ce tsoho ya yi iya yinsa. Kada ma ku ce aƙida ce ta raba su. Ka ɗauki jawabin wannan ka miƙa wa wancan ya karanta, wallahi ko wasali ba zai canja ba.

To bana manyan jam'iyya suka ce sun gaji. Ko 'yan Zaure su kawo suna ɗaya kafin ranar da aka yanka, ko a ba wa Hashim tikiti, wani matashi daga bayan gari wanda siyasarsa duk a waya yake yinta, wanda ya taɓa cewa lungunan cikin gari ba abin da suke buƙata sai katafila.

Wahalar sulhu a kan Malam Ɗayyabu ta faɗa, tsohon hedimasta, mai gida a Ɗan Agundi. Gidansa aka zaɓa saboda suruki ba ya zuwa ya baje a zauren mijin 'yarsa, su kuma mutanen Jafaru sun ce ba za su je Ƙofar Na'isa a yi musu kallon masu neman gafara ba. A ɓoye ake taron, bayan la'asar. Kowa ya bar motarsa nesa ya tako shi kaɗai kamar mai zuwa dubiya. Wayoyi a tara su a faranti a rufe da faifai. Takalma kuwa ba a barinsu a bakin ƙofa, don a cikin gari mai wucewa da takalmi yake gane wanda ke ciki. Kwashe su ake yi a shigar soro na biyu. Duk an yi wannan dabara, an zauna sau tara, ba a tsinana komai ba.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Jafaru Bafulatani ne, ga fulatanci ga surukuta. In ya shigo ba ya hawa darduma, can bakin ƙofa yake raɓewa, kai a sunkuye. Ba ya cin abinci, ba ya shan ruwa. Duk abin da Alhaji Mukhtar ya faɗa, "To, Baba." Shi kuma Alhaji ba ya kallon wajen, bango yake yi wa magana, in zai ambace shi sai ya ce "shi yaron." A shafa fatiha a watse ana cewa an gama. Gari na wayewa sai ka ga sababbin fastocin Jafaru tun daga Shahuci har bakin kasuwa. In an je masa da ƙorafi ya ce, "Me kuke so in ce wa surukina a gaban mutane? A'a?"

Aka ce to a riƙa aika ɗan saƙo. Aka gwada Gwadabe, na hannun daman Alhaji Mukhtar, mutumin da shekara da shekaru shi ke juya wa Alhaji takalmi in zai fita daga taro. Gwadabe kuwa in ka ba shi magana sai ya barbaɗa mata barkono a hanya. Aike biyu ya yi aka kusa dambe. Daga nan ne Malam Ɗayyabu ya dafe kai ya ce, akwai mutum ɗaya tak da ke shiga ɗakin kowannensu ba a ce masa me ya kawo ka ba.

Ba wanda ya tambayi Baraka ko tana so.

Ranar farko ta sami mahaifinta da hantsi a ɗakinsa na sama, yana shan shayi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ko gama amsawa bai yi ba ya ce, "Ki gaya wa mutumin naki, ni na koya masa yadda ake riƙe lasifika. In da sauran kunya a idonsa, ya kwashe fastocin nan nasa kafin Juma'a."

Ta ce, "To, Baba."

Tun daga Ƙofar Na'isa take juya maganar a bakinta cikin adaidaita sahu. Ta san mijinta. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma in magana ta soke shi sai ya shekara yana jinyarta. Da ta zo ta zauna gabansa ya ce, "Me Baba ya ce?" sai ta ji bakinta yana cewa, "Ya ce shi ya rene ka a siyasa, kuma bai yi nadama ba. A dai bi shi a hankali."

Jafaru ya yi murmushi, rabon da ta ga haka an kwana biyu. Ya ce, "To ki gaya masa, sau biyu ya tsaya sau biyu ya faɗi. Jama'a sun gaji. Ya huta haka nan ya riƙe carbi."

Kashegari ta koma ta ce, "Baba, ya ce shi ɗanka ne, ba zai tsallake maganarka ba. Yaransa yake lallashi."

Na san akwai masu cewa ai ƙarya ta yi. Ta yi ɗin. Amma duk mai wannan bakin ya je ya dubi tsabar idon ubansa ya ce masa ya huta ya riƙe carbi, mu gani. Ita a ganinta wanke saƙo take yi, kamar yadda take wanke shinkafa ta tsince tsakuwa kafin ta ɗora. Ta ɗauka in zukata suka yi sanyi, ɗaya zai sauka da kansa. Ba ta san sanyin ne zai sa kowa ya ƙara gyara zama ba.

Haka aka yi ta yi. Asabar da Talata tana hanya. Ta kai alkubus Ƙofar Na'isa, ta dawo da magana. Ƙafarta ta dama ta fara kumbura, ɗinkin da take karɓa na mata ya taru a ɗaki har masu shi suka fara aiko mata da gori. Duk saƙon da ta wanke sai ya haifi wani wanda ya fi shi buƙatar wanki, domin in ka ce wa mutum ana lallashin yara, bayan sati biyu zai tambaye ka ko sun lallasu. Ta ce sun fara. Ta ce wa mijinta Baba yana neman yadda zai sauka ne ba tare da mutanensa sun ji kunya ba. Wata rana da ta rasa abin faɗa, ga gajiya ga ciwon kai, ta ce wa kowannensu an gama, sai dai sanarwa.

Ranar Alhamis za a kai suna. Malam Ɗayyabu ya sa zaman ƙarshe ranar Laraba.

Baraka ta san abin da ke jiranta, ba ta ruɗi kanta ba. Mutum biyu za su shiga zaure ɗaya kowa yana jiran ɗaya ya ce na janye. Za a tambayi wa ya kawo labari. Za a kira sunanta cikin maza, a ce 'yar Alhaji Mukhtar, matar Alhaji Jafaru, uwar 'ya'ya biyar, maƙaryaciya ce. Kuma namijin da aka mayar abin dariya a gaban mutanensa, uba ne ko miji, da wuya ya sake kallonka da idon da. Gida biyu gare ta a duniya, duka biyun ta ɗora a kan magana ɗaya.

Ranar Talata ta tafi Ƙofar Na'isa da niyyar ta fasa ƙwai kowa ya huta. Ta tarar da mahaifinta da fara'ar da rabonsa da ita tun rasuwar mahaifiyarta. An kawo masa sabuwar riga daga wajen ɗinki, fara sol, an shimfiɗa a kan gado. Shekararsa saba'in babu ɗaya, ya san wannan ce takararsa ta ƙarshe.

Ya ce, "Zauna ki ji abin da zan faɗa gobe in ya gama sanarwa. Ba na so yaron ya fita da kunya. Zan ce duk abin da na samu, shi ne magajina. Ya yi?"

Ta ce, "Baba..."

"Na'am?"

Ta dubi rigar. Ta dubi hannunsa a kan kofin shayi.

"Ya yi, Baba."

"Allah ya yi miki albarka. Abin da maza goma sha biyu suka kasa, ke kika yi shi."

Wannan albarkar ta fi zagi ciwo. A hanya ta sa mai adaidaita sahu ya tsaya ta sauka tun kafin a kai, ta ƙarasa da ƙafa duk da kumburin, don ba ta son isa gida da wuri.

Da safiyar Laraba ta sake gwadawa a wajen mijinta. Yana karyawa, ta tsaya tana goge tiren da ba shi da datti.

"Abban Nusaiba, yanzu in da a ce Baba ya canja shawara fa?"

Ya ajiye cokali ya yi dariya. "Baba? Mutumin da duk cikin garin nan aka san ba ya magana biyu? Ke ma kin san da wannan ya tara jama'a. Bai taɓa raba wa kowa ko buhun gero ba. In ya ce e, e ce. Ni yau durƙusawa zan yi a gabansa in gode masa, kowa ya gani."

Ta ɗauki tirenta ta fita.

Ita ta dafa abincin taron, kamar kullum. Bayan azahar ta isa Ɗan Agundi da kuloli, ta shige wajen Inna 'Yardada, matar Malam Ɗayyabu, tsohuwa mai faɗa da tausayi a haɗe. Suna jera kwanuka Inna ta dube ta ta ce, "Ke wai lafiyarki? Yau ranar farin ciki kin zo da fuska kamar an aiko ki ta'aziyya."

Baraka ta zauna a kan turmi ta faɗa mata komai, tun daga lasifika har carbi. Wata huɗu ba ta gaya wa kowa ba, sai ga shi ya fito cikin minti biyar.

Inna 'Yardada ta saki murfin kwano. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baraka, kin kashe mu. Duka biyun?"

"Duka biyun, Inna."

"Ba wanda ya janye?"

"Ko ɗaya."

Tsohuwa ta ɗauki murfin ta mayar. Can ta ce, "Su ma dai da neman magana. Gandama-gandaman maza sun kasa buɗe baki, sun ɗora wa 'yar mutane. Bari in leƙa ko zan samu Malam."

Ba ta same shi ba, don an riga an fara shigowa. Daga soro na biyu, inda suka tsaya a bayan ƙyaure, suna jin sallama ɗaya bayan ɗaya, ana miƙo takalma ana tarawa a gefensu. Baraka ta gane na mijinta, baƙi mai sheƙi. Ta gane na mahaifinta, fari, irin wanda yake sawa ranar Idi. Ta tsagar ƙyauren tana hango rabin zauren: mahaifinta a kan darduma cikin sabuwar riga, Gwadabe a damansa, mijinta can bakin ƙofa kai a ƙasa, Musa babban yaronsa na siyasa a kusa da shi.

Malam Ɗayyabu ya buɗe da addu'a. Muryarsa ta dushe, wata huɗun nan shi ma sun ci shi.

Ya ce, "Jama'a, zama na goma ke nan. Wallahi na gaji, kun gaji, matan gidan nan sun gaji da wanke-wanke. Gobe in ba mu kai suna ba, yaron nan Hashim zai karɓa, kuma kun san abin da ya ce zai yi da lungunanmu. Amma alhamdulillahi, labari mai daɗi ya zo min daga ɓangarorin biyu. Wanda zai yi magana, bismillah."

Aka yi tsit.

Alhaji Mukhtar ya gyara hannun rigarsa yana kallon bango, fuska a sake. Jafaru ya ƙara sunkuyar da kai yana jira. Fankar sama tana ta ƙiƙi-ƙiƙi. Wani ya yi gyaran murya. A cikin gida akuyar Inna ta yi kuka aka rasa mai tsawata mata.

Malam Ɗayyabu ya sake cewa, "Bismillah mana."

Shiru dai.

Gwadabe ne ya kasa haƙuri. "Alhaji Jafaru, kai fa ake jira. Kunya ba ta hana alheri. Faɗi kawai a shafa."

Musa ya ɗago. "Shi ake jira kamar yaya? Baba ake jira."

"Baba ya ce me?"

"Ya ce ya janye mana."

"Wa ya janye? Kai, ka san da wanda kake magana kuwa? Naku ne ya janye, tun sati biyu!"

Zaure ya kaure. Wannan na cewa an raina musu hankali, wancan na cewa dama ya san za a rina. Malam Ɗayyabu yana ta buga tafin hannu a darduma ba mai jinsa. Da ƙyar ya samu ya ce, "Tsaya! Ku wa ya kawo muku labarin?"

Musa ya ce, "Hajiya ce ta gaya wa Alhaji."

Gwadabe ya ce, "Mu ma ai Hajiya ce." Sai ya yi turus, kamar yanzu ya ji abin da ya faɗa. Ya miƙe tsaye. "To ai magana ta zo da sauƙi. Tana cikin gidan nan, na ga kulolinta. A kira ta ta tsaya a bayan ƙofa ta faɗa mana wa ta yi wa ƙarya. In ta kama a ɗauko Alƙur'ani a ɗauko."

A karo na farko cikin zama goma, Jafaru ya ɗaga kai a gaban surukinsa. Baraka ta ga fuskarsa. Ba fushi a ciki tukuna, tambaya ce kawai, kuma tambayar ta fi ba ta tsoro.

Inna 'Yardada ta riƙe mata hannu. Baraka ta zare a hankali, ta gyara mayafi. Abin mamaki, ba kuka ta ji ba, wani irin sauƙi ta ji, na wanda ya daɗe da kaya a ka aka ce masa sauke. Ta kai hannu ga ƙyauren.

"Zauna, Gwadabe."

Muryar mahaifinta ce. Bai ɗaga ta ba, amma kowa ya ji.

"Tun yaushe aka fara kiran matar mutum cikin maza ana titsiye ta? A Zauren da na kafa? Zauna na ce."

Gwadabe ya zauna. Alhaji Mukhtar ya daɗe yana kallon ƙyauren nan, har Baraka ta ɗauka yana ganinta ta tsagar. Fara'ar ɗazu ta tafi gaba ɗaya. Ya shafa gaban sabuwar rigarsa sau ɗaya.

Ya ce, "'Yata ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Abin da na aike ta da shi ta kai. Ni na ce ta gaya wa yaron na janye."

"Alhaji!" in ji Gwadabe. "Jiya-jiyan nan ka ce mana shi ne ya sauka. Da bakinka!"

"Na faɗa."

"To wanne ne gaskiya?"

"Wanda na faɗa yanzu. Wancan ni na shirya shi, don na san bakinku, na ji tsoron ku watse kafin a zo nan. Magana biyu na yi. Ku rubuta sunan yaron."

Ba wanda ya yi kabbara, ba wanda ya yi tafi. Mutanen Jafaru ma da suka samu abin da suke so sai suka kama kallon ƙasa. Gwadabe ya yi ta kallon maigidansa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Shekara ashirin da biyar, Alhaji. An kira mu 'yan wahala, an kira mu 'yan zamanin da. Abu ɗaya muke faɗa wa mutane, namu ba ya magana biyu. Yanzu me zan koma in ce wa unguwa?"

"Ka ce musu abin da ka ji."

Gwadabe ya ɗage faifai ya ɗauki wayarsa. Ya turo ƙyauren soro na biyu har ya kusa buge Baraka, bai ko dube ta ba, ya tsinci takalminsa ya fita. Mutum biyu suka bi shi. Sauran suka zauna, don gobe Alhamis ce, kuma Hashim yana nan.

Malam Ɗayyabu bai tsaya wata-wata ba, ya rubuta suna ya zagaya da takarda kowa ya sa hannu. Jafaru ya taso da rarrafe ya durƙusa a gaban darduma, yana godiya, yana cewa har abada shi ɗa ne. Ya yarda da kowace kalma, Allah sarki. Alhaji Mukhtar ya dubi bango ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Aka shafa fatiha. Abinci kuwa ko buɗe shi ba a yi ba.

Aka riƙa fita ɗaya-ɗaya yadda aka shigo, Malam yana miƙa wa kowa takalminsa. Jafaru da mutanensa suka wuce kai takarda wajen manya tun kafin wani ya canja zuciya. Da zauren ya yi fayau, rana ta yi ja, sai Alhaji Mukhtar ya ce wa Malam ya bari, zai ɗauko nasa da kansa. Inna 'Yardada na ganin ya turo ƙyaure ta gaishe shi ta shige ciki.

Baraka ta zube a ƙasa.

Ya tsaya a kanta, hannu ɗaya a jikin bango. Da rigar da komai sai ta ga ya ƙanƙance.

"Tun yaushe?"

"Tun saƙon farko, Baba."

"Duk maganar ni ɗanka ne, da lallashin yara?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai. "To me ya ce? Ranar farkon. Faɗa min yadda ya faɗa, kada ki taɓa ko kalma ɗaya."

Wata huɗu tana gudun jimlar nan, ga ta dai ta dawo inda ta bar ta.

"Ya ce sau biyu ka tsaya sau biyu ka faɗi. Jama'a sun gaji. Ka huta ka riƙe carbi."

Alhaji Mukhtar ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wannan ta fi kama da shi."

"Baba, ka yafe min. Zan je in gaya masa gaskiya, zan gaya wa Gwadabe, kowa ya san ba ka..."

"Ba za ki gaya wa kowa ba. In kin faɗa, na yi ƙaryar a banza ke nan. Ki bar mijinki da abin da ya sani." Ya numfasa. "Kujerar ba ta dame ni ba, Baraka, wallahi na gaji da ita tun kafin in same ta. Amma da kin kawo min maganar nan yadda take tun ranar, da na yi fushin kwana uku na huce. Ko in janye ko in ƙi, da yau ina da sunana."

Nan ne kukan ya zo mata, marar sauti, irin mai ciwo a ƙirji. Bai rarrashe ta ba, bai kuma ƙara mata ba. Ya bari ta yi mai isarta.

Can ya ce, "Ba ni ruwa. Tun azahar ban sha ba."

Ta tashi ta ɗebo a randar Inna ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sha rabi ya mayar mata. Daga masallacin lungu aka fara gwada lasifika don kiran magariba.

Takalma biyu suka rage a soron, nata da nasa. Farin takalmin yana nan yadda aka jefo shi, ƙafa ɗaya a kife, ɗaya ta kalli bango. Alhaji ya tsaya a gabansu yana jira, bisa sabo, kafin ya tuna mai juya masa ya tafi. Ya dafa gwiwa zai sunkuya.

Baraka ta riga shi. Ta kakkaɓe su da gefen mayafinta, ta jera su suna kallon ƙofa. Ya dafa kanta ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar, ya fita masallaci shi kaɗai.